Hannun Wanda Bai Zo Ba

Akwai wani ɗan kwangila a garin Kankara da ake kira Alhaji Gide. Irin mutanen nan ne da in ka gaishe su sai su amsa maka da hanci suna duban agogo. Ya gina azuzuwa, ya yi kwalbatoci, amma in ka ce ya faɗi sunan mai buga bulo ko ɗaya a ƙaramar hukumarsa, sai dai ya yi maka dariya. A wurinsa ƙaramin mai sana'a lebura ne kawai, a kira shi in ana so, a sallame shi in an gama.

Sai dai ba Alhaji ne zai fi ba ku tausayi a labarin nan ba. Akwai ma'aikacinsa, Mas'ud, magidanci mai sanyin hali, wanda shi ke rubuta duk wata takardar neman aiki a ofishin.

Mas'ud ɗan marigayi Malam Mani ne, dillalin shanu a kara. Daga Kankara har Sabuwa babu mai shanun da bai san Malam Mani ba. In ciniki ya faɗa, sai ya kama hannun mai saye, ya kama na mai sayarwa, ya haɗa su, ya ce, "Allah ya sa albarka." A fasa goro, kowa ya ci, shi ke nan magana ta mutu. Ba takarda, ba sa hannu, kuma ba a taɓa jin an warware cinikin da ya ɗaura ba.

Doka ɗaya yake da ita, kuma Mas'ud ya ji ta har ya gaji da ji. Yakan ce, "Dillali haɗa hannu yake, ba ya bada nashi. In mai sa bai zo ba, a bar ciniki sai ya zo. Wanda duk ya miƙa hannu, shi ya ɗauki kayan."

Malam Mani bai bar dukiya ba. Ya bar gona ɗaya a Ketare, ya bar suna. Da wannan sunan Mas'ud ke shiga ko'ina a ba shi tabarma, don da an ce ɗan Malam Mani ne, an gama bayani.

Ana nan da bazara sai wata ma'aikatar gwamnati ta fitar da kwangilar gina ƙananan ɗakunan shan magani a Kankara da Faskari da Sabuwa. Aiki ne mai tsoka, kuma Alhaji Gide ya sa masa ido. Amma kwangilar ta zo da sharaɗi: duk kamfanin da ke nema sai ya kawo tsarin da zai nuna yadda zai yanka wa ƙananan masu sana'a na yankin wani kaso na aikin. Su wane ne, wane aiki kowa zai yi, yaushe zai fara.

Alhaji ya kira Mas'ud ya tura masa takardun.

"Ka ga sabon salon da suka ɓullo da shi," in ji shi. "Wai sai mun jawo 'yan ƙauye cikin harka. To kai ka san su. Je ka tattaro mani su, ka rubuta abin da zai burge mutanen can."

Mas'ud ya ɗauki aikin da zuciya ɗaya, wallahi har daɗi ya ji. Ya zauna ya rarraba ginin gunduwa-gunduwa yadda ƙaramin mai sana'a zai iya ɗauka ba tare da ya nutse ba. Bulo daban, yashi da tsakuwa daban, ƙofofi da tagogi daban. Ya tsara a riƙa biyan kowa kashi-kashi yana aiki, kada a ce sai ya gama. Wanda ba shi da rajista ya yi niyyar raka shi a yi masa, wanda ba shi da asusun banki a buɗe masa.

Daga nan ya hau babur. Kun dai san hanyar Faskari zuwa Sabuwa a shekarun nan, saboda 'yan bindiga mutum ba ya hawanta sai da addu'a a baki, kuma ba ya bari la'asar ta same shi a kai. Haka Mas'ud ya yi ta bin ta, yau yana nan, gobe yana can.

A Sabuwa ya sami Daniel mai walda, wanda ƙofarsa ko ɓarawo ya gani sai ya nemi wani gida. A wani ƙauye kusa da Faskari ya sami Rifkatu, shugabar matan da ke fasa dutse suna tara tsakuwa. A Pauwa kuma akwai Baba Ubale, dattijo mai buga bulo, manomi, kuma tsohon aminin mahaifinsa.

Dukansu sun saurare shi, sun ba shi ruwa, amma babu wanda ya ce to.

Rifkatu ce ma ta fito masa fili. Ta ce, "Ɗana, ba yau aka hwara zuwa karɓar sunayenmu ba. A ɗauki hotonmu, a tahi, sai dai mu ji a rediyo an taimaki mata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Abin da Baba Ubale ya yi, shi za mu yi."

Daniel ma haka ya ce. Magana ta koma hannun dattijon Pauwa.

Baba Ubale ya sa aka karanta masa tsarin tun daga farko har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Da aka gama ya ce, "Abin ya yi kyau. To mai aikin ya zo mu gan shi. Ya zauna nan, a haɗa hannu yadda ubanka ke yi, a hwasa goro. Ni ban san takarda ba, mutum na sani."

Mas'ud ya koma Kankara da murna, yana ganin ai abu ne mai sauƙi. Da ya faɗa wa Alhaji, sai Alhaji ya kwantar da kujera ya yi dariya har da tari.

"Ni Gide? In tahi Pauwa in zauna bisa tabarma da mai buga bulo? Kai Mas'ud, ka san abin da kake hwaɗi kuwa? Mi ye amfaninka a ofis ɗin nan? Ka je ka ce masu na yarda, duk abin da ka ce ni na ce."

"Ranka ya daɗe, su mutum suke son gani."

"To kai aljani ne?"

Ranar rufe karɓar takardu ta matso. Mas'ud ya yi ta juya abin a ransa. Ya ga aikin da ya sha wahala a kai zai tafi a banza, ya ga mutanen nan za su rasa rabo saboda girman kan mutum ɗaya. Sai ya sayi goro, ya koma Pauwa shi kaɗai.

Ya tarar da Baba Ubale a gindin ɗorawa tare da dattawan unguwa. Ya ce Alhaji ya yi tafiya, amma ya wakilta shi. Sannan ya durƙusa ya miƙa hannu.

Baba Ubale bai kama nan da nan ba. Ya dubi hannun, ya dubi mai hannun.

"Wannan na wane ne?"

"Na Alhaji ne, Baba."

"A'a. Ni naka nake gani. Ɗan Mani, ka tuna dokar ubanka kuwa?"

Mas'ud ya tuna sarai. Amma ya riga ya miƙa, idon dattawa na kansa, janyewa kuma abin kunya ne. Ya ce, "Na tuna, Baba. Ba abin da zai hwaru sai alheri."

Dattijo ya kama hannun. Wani daga cikin dattawan ya ce Allah ya sa albarka, aka fasa goro. Kafin kwana biyu labari ya kai Faskari da Sabuwa cewa ɗan Malam Mani ya bada hannu, kuma Ubale ya karɓa. Daniel ya shiga, Rifkatu da matanta suka shiga.

Tsarin ya yi kyau ƙwarai, har aka ce babu kamfanin da ya kawo irinsa. Hadarin farko na haɗuwa aka sanar cewa Alhaji Gide ne ya ci kwangilar.

To a nan ne gizo ke saƙa. Tsarin ya ce bulo ya zama a shirye kafin ruwa ya kankama. Shi kuwa Baba Ubale da 'ya'yansa su ne masu buga bulon, su ne kuma masu noman gidan. Hannu ɗaya ba ya riƙe fartanya ya riƙe shebur. Dattijo ya yi shawara da iyalinsa, ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi siminti, ya ba maƙwabcinsa aron gonar na wannan daminar. Aron gona kuwa kowa ya sani, ba a karɓe shi sai an cire amfani.

Matan Rifkatu suka bar gonakin gyaɗarsu suka duƙufa kan dutse. Daniel ya mayar da ayyukan mutanen gari, ya sayo ƙarfe ya shiga yanka. Kowa na cewa bana ba noma za mu ci ba, aikin gwamnati za mu ci.

Wata safiya Mas'ud ya shiga ofis ya tarar da Nasir, babban ɗan Alhaji, zaune a kan teburinsa yana waya da wata babbar masana'antar bulo a Funtua. Yana jin ana maganar tirela, ana maganar ƙofofin da za a ɗauko daga Kano. Ashe Alhaji ya yi wa ɗansa rajistar sabon kamfani, ya juye masa duk kason da aka rubuta da sunan ƙananan masu sana'a.

Mas'ud ya wuce kai tsaye wurin Alhaji.

"Ranka ya daɗe, mutanen nan hwa? Baba Ubale ya saida shanunshi. Ya bada gonarshi aro."

"Wa ya aike shi?"

"Alkawari aka yi masu, Alhaji."

Alhaji Gide ya ajiye biro, ya ɗaga hannayensa biyu, ya juya su gaba da baya.

"Dubi nan da kyau. Ka ga goro a hannuna? Na taɓa ganin mutumin nan? Takarda aka ce a kawo, an kai, ta gama aikinta. In ka yi wa wani alkawari, kai ka sani. Ja mani ƙofa."

Jama'a, har zuwa nan ina tausayin Mas'ud. Amma abin da ya yi bayan nan shi ne ya fi ƙona mani rai, kuma ba zan ɓoye masa ba.

Lokacin shuka bai wuce ba. Da a ranar ya hau babur ya je Pauwa ya faɗi gaskiya, da maƙwabta sun yanka wa Baba Ubale gefen gona ya jefa dawa. Da matan Rifkatu sun koma kan gyaɗarsu. Da Daniel ya daina yanka ƙarfe. Amma kunya ta riƙe masa ƙafa. Ya ce bari ya sake lallashin Alhaji. Ya ce gobe. Goben ta zo ya ce jibi.

Baba Ubale ya kira shi a waya. "Ɗan Mani, bulo ya cika hili. Yaushe za a zo kwasa?"

Mas'ud ya ce, "Ana nan ana shiri, Baba."

Da jin haka dattijo ya fitar da sauran hatsin da ke rumbu ya kai kasuwa, ya ƙaro siminti, don kada motar gwamnati ta zo ta tarar da aiki bai cika ba. Aka yi noman farko, aka yi maimai, masarar mutane ta kai ƙugu, ta wuce kai. Har lokacin jefa wake ya zo ya wuce. Mas'ud ya koma in ya ga kiran Pauwa sai ya kife wayar, abinci ma ya daina yi masa daɗi.

Ranar da asiri ya tonu, Baba Ubale na tsaye yana yayyafa wa bulonsa ruwa. Sai ga tirela ta shigo Pauwa shaƙe da bulon Funtua. Ta bi ta gaban filinsa a hankali saboda taɓo, ta wuce, ta je ta sauke a inda za a gina ɗakin shan magani. Dattijo ya ajiye bokiti ya zauna a ƙasa.

Sai a lokacin Mas'ud ya je. Ya tarar da shi a gindin ɗorawar nan, ga bulo jere a bayansa har ciyawa ta fara fitowa a tsakaninsu. Ya durƙusa ya fara bayani, yana cewa Alhaji ne, Nasir ne, shi ma yaudararsa aka yi.

Baba Ubale ya bar shi ya gama. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Yaushe ka sani?"

Mas'ud ya sunkuyar da kai.

"Na ce yaushe ka sani?"

"Tun ana shuka, Baba."

Dattijo ya waiwaya ya dubi bulonsa. Sannan ya ce, "Ni ban san wani Alhaji ba. Zomo ba ya hushi da makashinshi, sai da maratayinshi. Da ka zo tun sannan, aradu da na ce ƙaddara ce, mu yi addu'a mu tashi. Amma ka bar ni ina zuba abincin jikokina cikin siminti. Tashi ka tahi, Mas'ud, kada dare ya yi maka a hanya."

Tun da Mas'ud ya yi wayo, Baba Ubale bai taɓa kiransa da sunansa ba, kullum ɗan Mani ne. Mas'ud ya hau babur hawaye na zuba, har ya kusa faɗawa rami.

A Faskari Rifkatu ba ta ko ba shi wurin zama ba. Ta nuna masa tulin tsakuwa, ta nuna masa tafin hannunta da ya tsattsage. Ta ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗɗi. Mun gode." Ta shige gida. A Sabuwa ya tarar da shagon Daniel a rufe, ƙofofin da ya ƙera jingine a waje suna tsatsa.

Ranar kasuwa ya bi ta kara, inda a da ake rige-rigen gaishe shi. Tsofaffin abokan mahaifinsa suka kau da kai, kowa ya shiga duba haƙoran shanu. Ya ji wani na cewa, "Allah ya ji ƙan Malam Mani, ya tahi da abinshi."

To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ana gab da kaka sai ma'aikatar ta aiko da sanarwa cewa jami'an duba aiki za su zo. Ba gini kawai za su duba ba, suna son su zauna da ƙananan masu sana'ar da aka rubuta a tsarin, su ji daga bakinsu aikin da suka yi.

Hankalin Alhaji Gide ya tashi. Ya kira Mas'ud, yau har da ba shi kujera.

"Ɗana, ka je ka tattaro mani mutanenka. Kowa za a ba shi ɗan abin goro. Su ce sun yi aiki, shi ke nan. Suna jin maganarka."

Mas'ud ya dube shi. Tsoron da ya daɗe yana ji ya neme shi ya rasa, don wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi.

"Ranka ya daɗe, ba ni da sauran hannun da zan miƙa. In kana son su, ka je da ƙahwarka. Kuma in jami'an nan suka tambaye ni, abin da ya hwaru zan hwaɗa."

Alhaji ya zage shi tas, ya kore shi daga aiki a take. Washegari kuma, mutumin da ya ce shi ba ya zama a tabarma ya sa direba ya kai shi Pauwa, da ƙwaryar goro a bayan mota.

Ya tarar da dattawa a gindin ɗorawa. Ya cire takalmi, ya tattare babbar riga, ya zauna da ƙyar yana nishi. Ya ce shi ne Alhaji Gide, mai aikin, ya zo a gyara abin da ya ɓaci. Ya miƙa wa Baba Ubale hannu.

Dattijo ya sa hannunsa cikin riga.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Amma ban san ka ba. Ba da kai na yi ciniki ba. Ranar da aka neme ka ba ka zo ba, yau kuma babu abin saidawa."

Alhaji ya yi magiya, ya yi alkawari, har ya rantse. Babu wanda ya taɓa goronsa. Haka ya tashi ya koma da ƙwaryarsa a rufe.

Da jami'ai suka zo, babu wanda ya ƙara gishiri. Baba Ubale ya nuna bulonsa, Rifkatu ta nuna tsakuwarta, Mas'ud ya faɗi komai har da nasa laifin. Aka soke kwangilar, aka hana kamfanin Alhaji Gide sake neman aikin ma'aikatar. Waɗanda ke cika ƙofar gidansa da safe suka watse, shi da kansa ya koma ba ya son fita.

Wani zai ce ai gaskiya ta yi halinta. Ta yi, amma ba ta cika rumbun kowa ba. Ɗakin shan magani na Pauwa ya tsaya a linta, babu rufi, awaki ke kwana ciki. Daniel ya kwashe injinsa ya koma Kaduna. 'Ya'yan Baba Ubale suka tafi ci-rani kudu tun kafin a gama girbi, suka bar tsoho da mata da ƙananan yara. Ko'ina a Pauwa ana ɗaure dami, gidansa kaɗai ne ba a ji ƙarar sussuka ba.

Gonar Ketare kuwa, wadda Malam Mani ya bari, ta yi kyau a shekarar. Ita ce abincin Mas'ud da iyalinsa da mahaifiyarsa, ga shi kuma ba aiki. Da aka gama casa aka ɗure buhuna, ya je ya zauna gaban Inna, mahaifiyar tasa.

Tsohuwa ta dube shi ta ce, "Na san abin da ya kawo ka. Kai ka miƙa, kai za ka ɗauka. Ubanka bai taɓa cin tuwo ba alhali wanda ya kama hannunshi na kwana da yunwa. Ka bar mana abin da zai kai mu bazara, Allah na nan."

Ya ɗauki hayar mota ya loda. Ya fara kai wa matan Rifkatu kasonsu. Rifkatu ta karɓa saboda yara, amma ba ta amsa gaisuwarsa ba, kuma har yau ba ta amsawa. Ya aika wa iyalin Daniel nasu. Sauran, wanda ya fi yawa, ya nufi Pauwa da shi.

Bai nemi kowa ya taya shi ba. Shi kaɗai ya riƙa saɓa buhu yana kaiwa bakin rumbu, yana dawowa, gumi na zuba. Baba Ubale na zaune yana kallo, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Bai ce a sauke ba, bai ce a mayar ba.

Da Mas'ud ya gama ya zo ya durƙusa. Ya ce, "Baba, ban ce wannan ya biya ba. Shanunka ba su dawo ba, 'ya'yanka ba su dawo ba."

"Damina ma ba ta dawowa," in ji dattijo.

Mas'ud ya gyaɗa kai. Ya yunƙura zai tashi, sai bisa sabo ya miƙa hannu don sallama. Ya tuna, ya so ya janye, amma Baba Ubale ya riga ya kafa wa hannun ido. Duk ya kumbura da ɗaukar buhu, igiya ta yanke shi a tafi.

"Wannan na wane ne?"

Mas'ud ya ɗaga kai ya dube shi. Ya ce, "Nawa ne, Baba."

Tsohon ya fitar da hannunsa daga cikin riga a hankali, ya kama, ya riƙe shi ya daɗe.

"To. Ka gaida Innarka, Mas'ud."

Bai ce ɗan Mani ba. Mas'ud ya ji, kuma ya san bai isa ya roƙa ba. Ya hau motar da babu komai a bayanta, suka bi ta gaban tulin bulon da ciyawa ta rufe, suka kama hanyar Kankara.

Darasi: Kada ka ari sunanka ga wanda ba zai iya taka ƙafa ya je ya dubi mutane ido da ido ba, don in ya zame kai za a riƙe. In kuwa ka ga alkawari ya karye a hannunka, ka faɗa da wuri tun ana iya shuka, kunyar yini ɗaya ta fi yunwar shekara sauƙi. Ku kuma masu neman kwangila, sunayen da kuke rubutawa a tsari mutane ne masu gona da iyali, ba ado ba ne na cika takarda. Ku tura wa 'yan kwangila da ma'aikatansu da duk mai ƙaramar sana'ar da kuka sani, wataƙila wani ya janye hannunsa kafin a fasa goro.